Yadda za ka tara yaran firamare ku riƙa gwajin kimiyya bayan an tashi makaranta

Malamai 'yan'uwana da wasu iyaye a nan cikin garin Katsina sun sha tare ni da tambaya, wai Malam yaya kuke yin ajin nan naku na yamma da yara ke komawa gida hannu duk jan zoɓo suna ta labarin batir da mayen ƙarfe, nawa ake kashewa, ko sai makaranta na da lab, wato ɗakin gwaje-gwaje? To bari dai in zauna in rubuta yadda muke yi, duk mai sha'awa ya ɗauka ya gwada a unguwarsu, ko kai malamin firamare ne, ko ke uwa ce mai ɗan fili a tsakar gida, ko kai da ka gama karatu kana zaune kana jiran kiran bautar ƙasa.

Abin da ya sa na fara shi tun asali, takaici ne. Kimiyya na cikin manhajar firamare, amma yawanci yadda ake yin ta, malam ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, su zuba a jarabawa, shikenan. Yaro zai gaya maka da Turanci cewa iska tana da nauyi amma bai taɓa riƙe wani abu da ya nuna mashi hakan ba. Don haka dokar ajin yamma guda ɗaya ce tak, hannun yaro ne zai yi aikin. In ka ga cikin awa ɗaya surutunka ya wuce minti goma, to wallahi ka maida shi ajin safe, kuma ba za a yi sati uku ba za ka ga sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ka nemi ko cokali ɗaya, fara da zancen lokaci, don a nan ne mutane da yawa ke karyewa. Yaranmu ba zaune suke ba in an tashi boko, akwai Islamiyya, akwai makarantar allo, akwai aike, wasu akwai talla. Kar ka kuskura ka sa ajinka ya yi karo da Islamiyya, iyaye ba za su ba ka yara ba kuma da gaskiyarsu. Mu ranar Alhamis bayan La'asar muka ɗauka tunda galibin makarantun allo da Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, mu fara wajen huɗu da rabi mu tashi kafin shida saura, kowa ya isa gida da sauran haske. Sau ɗaya a sati ya isa. Gara sau ɗayan da ba a fashi da a ce sau uku ana yi ana tsallakewa.

Sai izini. In a makaranta za ka yi, ka samu hedimasta ku zauna, ya sanar da kwamitin iyaye da na SBMC, wato kwamitin al'umma mai sa ido kan tafiyar da makaranta, in ya ga da buƙata ya kai maganar ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. In a unguwa ne, je ka gaida mai unguwa da liman ka yi masu bayani da bakinka, ka ce ranka ya daɗe ga abin da nake so in yi da yara, ga rana ga lokaci, ƙofa a buɗe take duk wanda ya so ya leƙo. Kuma dan Allah ka nemi malama ko wata babbar mace da za ta riƙa zama tare da ku, shi ne zai sa iyaye su saki jiki su turo 'ya'ya mata, in ba haka ba za ka waiga ka ga maza zalla, alhali a gwajin da ya shafi kayan madafa 'yan matan nan su ne ke fara gano abin da ke faruwa.

Kar ka kwashi yara da yawa. Ashirin zuwa ashirin da biyar, 'yan aji uku zuwa shida, ka kasa su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a kowane rukuni akwai mai zubawa, mai aunawa, mai rubutu, mai ba da labari a ƙarshe, kuma kowane sati a juya aikin, saboda in ka bar su, yaro ɗaya mai ƙarfin baki zai riƙe kayan daga farko har ƙarshe sauran su zama 'yan kallo. Ranar farko za ka ga yaran unguwa sun cika taga, rubuta sunayensu ka ce zango mai zuwa nasu ne.

Kaya kuwa, kwali ɗaya babba ko tsohuwar akwati ta ishe ka. Ka ce kowane yaro ya zo da gorar ruwa ta roba wadda aka shanye, gwangwanin madara, murafen kwalba, tsohon kwali. Kai kuma ka sayi balan-balan, salatif, batir irin na tocila, zare, tef ɗin tela na awo, kofunan roba waɗanda ake ganin ciki. Sauran duk suna kasuwa ko ɗakin girki: zoɓo, kanwa, lemun tsami, tsamiya, gishiri, sikari, yis, wake. Je wajen mai gyaran rediyo ka roƙi matacciyar sifika, akwai maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, a bayanta, wajen masu gyaran fanka kuma ka samo ragowar wayar tagulla. In ka gaya masu don yara ne, sau da yawa kyauta za su ba ka har su haɗa da addu'a. Ni ban ba da shawarar a sa wa yara kuɗin shiga ba, don wanda ya fi buƙatar ajin shi ne zai fara rasa kuɗin.

Yadda zaman kansa ke tafiya. Kowane yaro na da ɗan littafi, ko da an raba littafi ɗaya gida biyu ne. Kafin a taɓa komai sai ka nuna kayan ka ce, me kuke zato zai faru? Kowa ya rubuta zatonsa ko ya zana, sannan a yi gwajin, sannan ya rubuta abin da idonsa ya gani. Wannan tambayar ta zato ita ce ƙashin bayan abin gaba ɗaya, kar ka tsallake ta ko da lokaci ya ƙure, kuma wanda zatonsa bai ci ba kar a yi mashi dariya, ni har tafi nake sa a yi mashi in ya tashi ya faɗa da bakinsa cewa na zaci kaza amma kaza na gani. Ka yi bayani da Hausa tsantsa har sai sun gane, daga baya ka rubuta masu kalmar Turancin a allo tunda ita za su tarar a jarabawa.

Gwajin da nake so kowa ya fara da shi shi ne na zoɓo. Ka jiƙa zoɓo tun a gida ka tace, kar ka sa sikari, kuma ka sirka shi da ruwa har ya zama ana ganin haske ta cikinsa, in ya yi kauri canjin ba ya fitowa sosai. Kowane rukuni a ba su kofi huɗu ko biyar na ruwan zoɓon. Na farko a bar shi haka nan kar a taɓa, shi ne shaida, da shi za a riƙa gwada sauran. Na biyu a matsa lemun tsami, za ka ga ja ya ƙara haske ya yi wal. Na uku a ɗiga ruwan kanwa, nan take zai yi duhu ya juya wajen shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu, a nan ne za ka ji ihu. Sai ka sake su su gwada ruwan tsamiya, ruwan toka da aka tace, ruwan sabulu, ruwan gishiri, su kasa su gida-gida, masu tsami waje ɗaya, dangin kanwa waje ɗaya, waɗanda ba su canza komai ba waje ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne sinadarin da ya ba zoɓo launinsa yana sauya kama gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi, masu tsamin su ake kira asid. Daga nan ka ce su ɗauki kofin da ya yi duhu su riƙa matsa mashi lemun tsami kaɗan-kaɗan, zai yi ɗan kumfa kuma ja ya dawo. Sai ka jefa tambaya, me ya sa iyayenmu mata ke sa 'yar kanwa a miyar yakuwa? Ka yi shiru ka jira. Wata yarinya za ta ɗaga hannu ta ce don ta kashe tsami, kuma daga ranar ta san cewa abin da innarta ke yi a bakin murhu shi ne ke cikin littafin.

Na yis shi ma yana tafiya da su. Gora uku, kowace da ruwa mai ɗumi da ƙaramin cokali na yis, ɗaya a sa sikari cokali biyu, ɗaya ba sikari, ta ukun a sa sikari amma kai malam ka fara zuba wa yis ɗin tafasasshen ruwa da hannunka, sai a ɗaura balan-balan a bakin kowace a ajiye a inda ke da ɗumi. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ta farkon za ta kumbura, sauran kuwa shiru, don yis abu ne mai rai, yana cin sikari ya fitar da iska, ita ce ke tayar da fanke da burodi, tafasasshen ruwa kuma ya kashe shi. Ka fara haɗa wannan da zarar an zauna, ku yi wani abin kafin ya tashi. Akwai ranar da muka haɗa har aka kusa tashi ko gora ɗaya ba ta motsa ba, na ji ba daɗi ƙwarai, amma maimakon in rufe zancen sai na ce to ku faɗa mani me kuke ganin ya hana, wani ya ce ruwan ya huce, wata ta ce ƙila balan-balan ɗin ya huje, wani ya ce yis ɗin ne ya daɗe, sati na gaba muka gwada ɗaya bayan ɗaya, ashe yis ɗin ne ya sha iska ya mutu. Tun daga nan nake gwada komai a gida kwana ɗaya kafin ranar, amma in abu ya ƙi a gaban yara ba na ɓoyewa.

Ka riƙa duba yanayin shekara kana tsara abin da za ku yi, don garinmu yana ba mu abin da wasu wurare ba su da shi. Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, iska a bushe take ƙarau, shi ne lokacin lantarkin gogayya, irin tartsatsin nan da yara ke gani in sun ja bargo da dare. A goga matajin roba ko balan-balan a gashi ko a rigar sanyi, ya ɗauki gutsattsarin takarda, ya manne a bango, har siririn ruwan da ake tsiyayawa daga buta za ka ga ya karkato wajensa. Ku rubuta takarda nawa ya ɗauka, ku ajiye littafin, in damina ta yi nisa cikin Agusta ku sake, za su ga abin ya yi rauni saboda damshin iska.

In bazara ta shigo, Maris zuwa Mayu, sai a koma kan randa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi alhali a inuwa ɗaya suke? Ka bar su su shafa jikin randar su ji damshi, su jiƙa bayan hannu ɗaya su hura su ji bambanci da busasshen. Ruwa in yana tashi ya bi iska, da zafi yake tafiya. Daga nan ku haɗa firjin tukwane, ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a sa tumatir da alayyahu a ciki, wasu kuma a bar su a faranti a gefe, a sa yara biyu su riƙa jiƙa yashin safe da yamma suna rubuta abin da suka gani har sati ya zagayo. Ka ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa nan maƙwabtanmu, wanda ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. In za ku auna sanyin, ka aro ma'aunin zafi na lab daga wata sakandare, na kemis na auna zazzaɓi ne ba ya sauka ƙasa sosai.

Inuwa kuwa kyauta ce, sanda da tef kawai. A kafa sanda mai mita ɗaya a tsaye cak, a auna inuwarta, a auna inuwar bishiyar darbejiya ko sandar tuta a lokaci guda, in inuwar sandar ta ninka ta sau biyu to ita ma bishiyar inuwarta ta ninka ta sau biyu, ka ga an san tsawonta ba wanda ya hau. Yara na saurin kama wannan don sun riga sun ji a Islamiyya cewa da inuwa ake gane shigar Azahar da La'asar. Akwai kuma wani abu da nake jira duk shekara, Katsina da Daura suna wajen digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka sau biyu a shekara rana na tsayawa daidai bisa kanmu, wajen 24 ko 25 ga Afrilu da kuma wajen 18 ga Agusta, da misalin sha biyu da rabi. A wannan ɗan lokacin in ka ajiye gwangwani ko ka kafa sanda a miƙe, inuwar kusan ɓacewa take. Na Afrilu ya fi tabbas tunda Agusta hadari na iya rufe rana. Wannan ba na yamma ba ne, sai ku shirya mashi zama na musamman, kuma ka ja kunnensu, ƙasa ake kallo, ba a ɗaga kai a kalli rana.

Mayen ƙarfen nan na sifika, ka sa shi cikin leda yara su ja shi cikin yashin da ruwa ya tara a bakin hanya, za su ga baƙin gari ya manne, in an zare ledar ya zube a kan farar takarda. Su gwada shi a ƙusa, gwangwanin lemo, wayar tagulla, cokali, su gano ba kowane ƙarfe yake kamawa ba. Manyan cikinsu su naɗe wayar tagulla a jikin doguwar ƙusa, a kankare bakin wayar biyu a taɓa a batir, ƙusar ta koma maganaɗisu, naɗi ashirin allura nawa ya ɗauka, naɗi hamsin fa? A riƙa taɓawa ana saki don wayar na yin zafi.

Ranar da ruwan sama ya hana fita ko kaya suka yanke, ina da abin da nake ajiyewa. A zana gida tara a ƙasa, uku-uku, a ce su jera lamba ɗaya zuwa tara yadda ko ta ina aka haɗa, tsaye ko kwance ko a karkace, zai ba da 15. In sun sha fama sun samu, sai in gaya masu cewa wani malami ɗan ƙasar nan, Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin jera irin waɗannan gidajen lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma masana tarihin lissafi na ambatonsa har yau. Ka ga yadda suke gyara zama in sun ji Bakatsine ne.

Zancen tsaro ba wasa a ciki. Ba a kusantar wutar soket ko janareta, batir ƙarami kawai. Ba ruwan batirin mota, ba sodar yin sabulu, ba haifo, ba fetur ko kananzir. Ƙananan batiran agogo masu kama da maɓalli kar su shigo ajin sam, in yaro ya haɗiye suna ƙona maƙogwaro, ƙananan maganaɗisu su ma kar su shigo. Wuƙa, reza da ruwan zafi hannun malam kaɗai. Kuma ba a ɗanɗana komai ko da zoɓo ne, ka kafa wannan tun ranar farko, in kana so su sha ka kawo wani daban a jarka a raba bayan an wanke hannu.

In abin ya zauna, nemi mataimaka. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wato FCE Katsina, da na Kwalejin Isa Kaita ta Dutsin-Ma da ke zuwa koyon aikin koyarwa, da 'yan bautar ƙasa, da yawansu za su so su shigo. Sau ɗaya a zango ku fita, da takardar yardar iyaye a hannu, ku je maƙera su ga yadda zugazugi ke ƙara wa wuta ƙarfi, ko wajen masu ginin tukwane, ko gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ku da ke Daura kuma ga rijiyar Kusugu, a nan sai a buɗe zancen ina ruwan rijiya ke fitowa kuma me ya sa yake ja baya da rani.

Zaman ƙarshe na zango na iyaye ne. Kowane rukuni ya zaɓi gwaji ɗaya, a shimfiɗa tabarmi, a gayyato iyaye da mai unguwa da malaman Islamiyyar yaran, kai ka koma gefe ka zauna, yaran su tambayi manya me kuke zato zai faru kafin su zuba kanwar. Ka tanadi zoɓo da kofuna fiye da na kullum, don iyayen ma sai sun ce a ba su su gwada da hannunsu.